Kundin aiki: hana shafukan manhajar bashi mantuwa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Aikin da ke gabanmu daga yau zuwa kamawar azumi guda ɗaya ne: idan mutum ya bar shafi ya leƙa wani a cikin manhajar, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Manhajar ta rubuta bashi ce da lissafin kaya, don masu sayar da hatsi muka yi ta, kuma da Flutter, kayan aikin gina manhajar waya, aka gina ta. Ni nake riƙe da ɓangaren waya, ƙanena da ke karatu a jami'ar KNUST yana riƙe da uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet. A ƙasan allo akwai maɓallai huɗu: Ciniki, Bashi, Kaya, Saiti. Mai gwada mana ita gwaggonmu ce, tana da rumfar masara da gero da wake a kasuwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana. Yawancin masu sayen kayanta mata ne masu waakye (shinkafa da wake) da masu koko, su ɗauka da safe, su biya in sun sayar.

Ƙorafinta ba shi da tsawo. Tana cikin rubuta bashin wata, ta sa suna, ta sa olonka (gwangwanin awon hatsi) nawa, sai wata ta tambaye ta ko farin wake ya rage. Ta danna Kaya ta duba, ta dawo Bashi, sai ta tarar da fom fayau, babu ko harafi. Haka in ta gangara can ƙasan jerin sunaye ta leƙa wani shafin, da ta dawo an mayar da ita sama, ga 'yar da'irar nan tana juyawa ana jiran intanet. Ta ce da ni, "Ɗana, littafina na takarda in na kife shi na ɗauko, inda na tsaya nake samu. Naku kuwa sai ya ce bai san ni ba."

Dalilin a fili yake. Akwai shafuka huɗu da lamba guda mai nuna wanda ake kai. Duk sa'ad da lambar ta canza, Flutter na cire tsohon shafin daga bishiyar tubalan allo, ya kira dispose a kansa, duk abin da ke cikin State ɗinsa ya tafi: rubutun da TextEditingController ke riƙe da shi, inda ScrollController ya tsaya, da jerin da aka sauko da shi. In an dawo, initState ne daga tushe. Abin da aka sa shi ke nan, shi kuma yake yi.

Laraba, 15 ga Janairu

Kafin in taɓa komai sai da na rarrabe abin da Gwaggo ke nufi da "inda na tsaya", domin ba abu ɗaya ba ne. Akwai inda yatsa ya tsaya a jeri. Akwai rubutun da ba a ƙarasa ba. Akwai shafin ciki, wato in ta buɗe tarihin bashin wata mai waakye, a can take so ta dawo, ba a bakin jeri ba. Sannan akwai alƙaluman kansu. Ukun farko kowa na so su zauna daram. Na huɗun ina da shakka a kansa, amma na ajiye shi tukuna.

Na fara da mafi araha, PageStorageKey a kan ListView. Yana aiki, amma abin da yake ajiyewa nisa ne kawai, ɗigon allo nawa aka gangara, ba sunan da ake kai ba. Mu kuma jerinmu talatin-talatin yake saukowa. Idan ta kai suna na saba'in ta fita, da ta dawo talatin na farko kaɗai ke nan, sai ta tsaya a ƙarshensu, ba sama ba, ba inda take ba. Rubutun fom kuwa bai ma san da zamansa ba.

AutomaticKeepAliveClientMixin, wanda kowa ke fara ambata, ba na wannan wurin ba ne. Saƙo yake aika wa uwar da ke ɗauke da shi cewa kada a zubar da shi, kuma iyayen da ke jin wannan saƙon su ne irin PageView da TabBarView da ListView. Maɓallan ƙasanmu ba a kan ko ɗaya suke ba. Na yi amfani da shi dai a cikin shafin Bashi, inda akwai ƙananan shafuka biyu a sama, "Ana bin su" da "Sun biya". Wanda zai yi haka ya tuna da kiran super.build a farkon build.

Asabar, 18 ga Janairu

Na gwada IndexedStack, tubalin da ke jera shafuka a kan juna. Layi kaɗan, matsalar ta ɓace: shafukan huɗu duk suna raye, ɗaya kaɗai ake nunawa. Rubutu na nan, jeri na nan inda aka bar shi.

Kuɗinsa a wajen buɗewa ake biya. Da manhajar ta tashi, huɗun duka ake ginawa, kowanne ya aika nasa neman zuwa uwar garke, har Saiti da ba a shiga sai ta kama. A kwamfutata ban ga bambanci ba. A wayar Gwaggo mai ƙwaƙwalwa gigabait 2, cikin rumfar kwano inda sabis ke hawa yana sauka, sai da ta ƙarasa auna wa mutum kaya kafin allon farko ya fito. Ga data kuma da ake ci a banza.

Wani abu da na gani ina zaune a kan buhu: rabin canjin shafin da take yi ba da niyya ba ne. Hunturu ne, yatsu sun bushe, allon ya yi fari da ƙura da garin masara, tana riƙe da wayar a hannun hagu, dama na cikin olonka. Gindin babban yatsa ne ke taɓa maɓallin ƙasa. Wato wannan gyaran ba don mai yawo a cikin manhaja kaɗai ba ne, har da wanda bai yi niyyar zuwa ko'ina ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na koma kan go_router, wanda dama da shi muke tafiyar da hanyoyin shafuka. Tun 2023 yake da StatefulShellRoute, kuma shi ya dace da mu. Kowane maɓallin ƙasa yana samun reshe da Navigator nasa, don haka in ta shiga Bashi, ta buɗe sunan wata, ta buɗe fom ɗin biya, ta tsallaka Kaya ta dawo, fom ɗin za ta tarar, kuma maɓallin baya zai bi da ita ta hanyar da ta shigo. Ba a gina reshe sai ranar da aka fara shigarsa, sa'annan a ci gaba da riƙe shi. Reshen da ba a kai ana lulluɓe shi da Offstage da TickerMode, motsin da ke cikinsa ya tsaya, kada ya riƙa cin batir a ɓoye. Buɗewa ta dawo da saurinta.

Masu rubuta manhajar Android kai tsaye sun daɗe da wannan ciwon kai. Sai a Navigation 2.4.0, a farkon 2022, aka ba su jerin baya daban-daban ga kowane maɓalli. A iPhone kuwa UITabBarController tun asali yana riƙe da kowane shafi. Shi ya sa wanda ya saba da iPhone yake ɗaukar abin kamar haka duniya take.

Hukunci biyu muka yanke. Danna maɓallin shafin da kake kai yana mayar da kai bakinsa. GoBranch na da initialLocation don haka. Sannan maɓallin baya a bakin Bashi ko Kaya ba zai rufe manhajar ba, Ciniki zai kai ka, daga can ne ake fita. PopScope ya yi wannan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Shakkar da na ajiye ta taso.

Wata mai waakye ta zo da safe ta biya sidi 200 cikin 340 da ake bin ta. Yarinyar da ke taya Gwaggo tsaron rumfa ta shigar da kuɗin ta shafin Ciniki, ya shiga lafiya. Da azahar matar ta dawo ɗaukar wake, Gwaggo ta danna Bashi, shafin da yake raye tun safe, sai ya nuna 340. Ta faɗa mata. Matar ta ce ta biya, Gwaggo ta juya mata allon ta ce ga shi a rubuce. Allah Ya sa yarinyar na kusa. Da yamma aka kira ni, ba a ko tsaya dogon gaisuwa ba: "Ɗana, gara ya manta da ya yi mini ƙarya a gaban mutane. Matar nan shekara nawa muna tare."

Gaskiyarta. Da, mantuwar nan da muke kuka da ita ita ce ke rufa mana asiri: tunda shafin na mutuwa a sake gina shi, kullum sabon lissafi yake ɗaukowa. Da muka hana shi mutuwa, sai ya riƙe komai, har da abin da bai kamata ya riƙe ba. An gudu ba a tsira ba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, kawai duk lokacin da aka danna maɓalli a sake nema daga uwar garke." Ban yarda ba. Da'irar jira za ta dawo, data za ta tafi, in sabis ya ɗauke kuma tsohon adadin dai za a gani. Bayan haka, kuɗin da aka shigar a cikin wayar nan aka shigar da su. Babu dalilin da zai sa shafin Bashi ya je intanet ya tambayo abin da shafin Ciniki, maƙwabcinsa, ya riga ya sani.

Abin da za a yi shi ne a ƙwace alƙaluma daga hannun shafuka gaba ɗaya. Ma'adana guda a cikin wayar, wato rumbun bayanai na SQLite ta hanyar kunshin drift, duk abin da aka shigar can yake fara sauka. Shafuka ba sa riƙe kwafin kansu, sauraro kawai suke yi: drift na da watch, wanda ke sake turo sakamako duk lokacin da teburin da aka tambaya ya canza. Uwar garke kuma ana daidaitawa da ita a bayan fage, in akwai sabis. Shafi ya riƙe abin da yake na mai waya, wato inda ya tsaya da abin da yake rubutawa. Adadin bashi ba na shafi ba ne, ba shi da ikon tuna shi.

Wannan ya fi duk abin da aka yi a baya girma, zai ci mako.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An gama ƙaura zuwa ma'adanar cikin waya. Biya a Ciniki, kafin yatsa ya kai Bashi adadin ya sauka. Ribar da ban nema ba: tunda sunayen duka suna cikin wayar, zancen talatin-talatin ya kau. A saman jerin na sa ɗan layi mai cewa "An daidaita ƙarfe kaza", saboda ranar da wayoyi biyu za su riƙa rubutu a rumfa ɗaya.

Sai kuma ƙorafi ya dawo a sabuwar riga: rubutu na ɓacewa, amma ba kullum ba. Da na bi diddigi, ba canjin shafi ba ne, fita ce daga manhajar. Ana turo mata kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, ta fita ta duba saƙon, ko ta buga *170#, ko ta saurari muryar mai kawo mata masara daga Ejura a WhatsApp. Ta dawo, manhajar ta tashi daga farko.

Wannan ba IndexedStack ko StatefulShellRoute zai magance ba, domin duk abin da suke riƙewa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake. Idan wuri ya ƙure, Android na kashe manhajar da ke bayan fage don ta gaba ta samu sarari, kuma haka aka tsara shi. A babbar waya da wuya ka gani. A irin wayoyin da suka cika kasuwanninmu, masu gigabait 2 ko 3, abin yau da kullum ne.

Flutter na da maganinsa tun 1.22, a 2020: RestorationMixin. Sai an sa restorationScopeId a MaterialApp, a GoRouter, a kan StatefulShellRoute, da kowane reshe. In aka tsallake ɗaya, abin da ke ƙarƙashinsa ba zai dawo ba, kuma ba lallai a yi maka gargaɗi ba. Fom ya koma RestorableTextEditingController, jeri ya samu restorationId. Abin da ake ajiyewa a Bundle ɗin Android yake zama, shi kuma ta Binder, hanyar aika saƙo tsakanin manhaja da Android, yake wucewa, wanda ma'ajiyarsa megabait 1 ce kacal, kuma ana raba ta da sauran saƙonni. In aka cika ta, sai kuskuren TransactionTooLargeException ya fito. Shawarar Android ita ce kada a wuce kilobait 50. Don haka lambar shaidar mai bashi kawai nake sawa, ba tarihinta ba.

Gwaji hanya biyu: kunna "Don't keep activities" a saitin masu gina manhaja, da kuma tura manhajar baya a kashe ta da adb shell am kill. Ta biyun ta fi kama da abin da ke faruwa a rumfa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci na biya ta Aboabo, na tarar da yarinyar tana share duk manhajojin da ke buɗe da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce don batir ya daɗe. Duk wanda ya yi haka, Android na ɗauka ya gama ne da son ransa, sai ya zubar da abin da aka ajiye don maidowa. Ba zan hana ta ba, rabin Kumasi haka suke yi.

Saboda haka rubutun da ba a ƙarasa ba ya wuce a bar wa RestorationMixin. Yanzu akwai teburin zayyana, wato rubutun da ba a ƙarasa ba, a cikin SQLite. In yatsa ya huta rabin sakan, a rubuta. In AppLifecycleListener ya ce manhajar ta bar gaba, a rubuta nan take. Ko wayar ta mutu don an ɗauke wuta ba a yi caji ba, da an kunna za a ga layi: "Akwai bashin da ba ki gama rubutawa ba", da zaɓi biyu, ci gaba ko share.

Ban yarda fom ya cika kansa shiru ba. Idan ta buɗe don ta rubuta wa wata, ta tarar da olonka goma na jiya a ciki, za ta iya dannawa ba ta lura ba, a ɗora wa baiwar Allah bashin da ba ta ci ba. Kowace zayyana a ɗaure take da lambar mai ita, kuma sai an tambaya.

A ɓangaren ƙanena: kowane fom na samun lambar da ba ta maimaituwa tun lokacin buɗe shi, tana tafiya tare da zayyanar. In an aika, manhajar ta mutu kafin amsa ta iso, aka sake aikawa, uwar garke za ta gane lambar ta ƙi rubutawa sau biyu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ƙananan gyare-gyare. Allon rubutu yana bin mutum zuwa wani shafin in bai rufe shi ba; yanzu ana sauke shi kafin goBranch. Hotunan kaya suna cika ƙwaƙwalwa tunda shafin Kaya ba ya mutuwa: rumbun hotunan Flutter na ɗaukar har hoto 1000 ko megabait 100, na rage shi, na kuma sa cacheWidth don kada a buɗe babban hoto saboda ɗan akwatin da bai kai akwatin ashana ba. Kyamara ma na iya sa a kashe manhajar a baya. RetrieveLostData na image_picker ya dawo da hoton.

Wanda ba ƙarami ba shi ne sirri. Gwaggo kan miƙa wa mai bashi wayar ta ga nata lissafin. Da, danna kowane maɓalli bakin shafi yake kaiwa. Yanzu reshe na iya zama a buɗe a kan tarihin wata, maƙwabciyarta a layi ɗaya, kuma bashi a Zango ba abin da ake so a ji ba ne. Na kawo shawarar FLAG_SECURE, ko don ya ɓoye allon a jerin manhajojin da ke buɗe, amma yana hana ɗaukar hoton allo, ita kuma da hoton allo take tura wa mutane lissafinsu a WhatsApp. Ta ce a'a. Muka tsaya a kan maɓallin "Nuna mata": yana buɗe lissafin mutum ɗaya a saman komai, babu maɓallan ƙasa, ba a fita sai da lambar sirri. Fita daga asusu kuma yana share rassa, zayyana da ma'adana baki ɗaya.

Talata, 25 ga Fabrairu

Abin da ke hannun Gwaggo yanzu: rassa huɗu kowanne da inda ya tsaya, alƙaluma daga ma'adana guda, zayyana a rubuce a cikin waya, da maidowa in Android ya kashe manhajar. Tun ranar Asabar ba a kira ni ba, sai jiya da ta aiko a ƙara girman rubutun adadin.

Saura guda da ban gamsu da shi ba. Har yanzu nisa ake ajiyewa, ba suna ba. Jerin "Ana bin su" a tsare yake daga mai babban bashi zuwa ƙarami, don haka in wata ta biya tana can wani shafin, sunaye na sauya wuri, ta dawo ta ga wata a ƙarƙashin yatsarta. In kowane layi tsawonsa ɗaya ne, ana iya ajiye lambar sunan da ke sama a lissafa nisan daga matsayinsa. Amma wayarta a kan manyan haruffa take, dogayen sunaye na karyewa layi biyu. Ko dai in yanke suna a layi ɗaya in yi amfani da prototypeItem, ko in ɗauko scrollable_positioned_list mai tsalle zuwa lamba. Na fi karkata ga na farko, don ba na son ƙarin kaya ana gab da azumi, lokacin da gero da masara suka fi fita kuma ba za ta lamunci sabon abu ba.

Ƙanena na son a sa waya ta biyu a rumfar kafin Asabar, a ga yadda daidaitawa za ta kasance in mutum biyu sun taɓa bashi ɗaya. Na ce a fara da karatu kawai a wayar yarinyar, rubutu sai bayan Sallah. Akwai kuma wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia da ta nemi a sa mata. Nata lissafin da yadi yake, ba da olonka ba, don haka fom ɗin sai an sake masa tsari kafin a je.